Madugun Tabalak

Rawanin yana nan har yau, sai dai ya bar aikin rawani. Uwargida ta raba shi uku: kashi ɗaya labule ne a ƙofar madafa, ɗaya da shi ake ɗaure akuya, na ukun kuwa ni da hannuna nake goge babur da shi kowace safiya. Mita biyar ne cif ranar da na saye shi a kasuwar Tawa, wata Lahadi cikin sanyi, ina ji a raina cewa daga ranar sunana ya gama shiga littafi.

Masu tseren motoci ne suka ja mini. Ina yaro, a ƙarshen shekarun 1980, gasar Paris-Dakar ta sha yada zango a garinmu: su taso daga Agadas, su kwana Tawa, gari na wayewa su nufi Yamai. Mukan sulale daga lakkwal mu tafi wajen filin jirgi mu yi cirko-cirko muna kallon nasaru sun yi butu-butu da ƙura, leɓe a tsattsage, ido jajir. Ba motocin ne suka tsaya mini a rai ba. Wani mutum ne da ke bin su da abin ɗaukar magana yana tambayar kowa yaya ya ji. Babana kullum yakan dawo daga gona da ƙurar da ta ninka wannan, amma ban taɓa ganin an kara masa ƙarfe a baki an ce, Malam, yaya ka ji ba.

Daga baya na sami labarin wanda ya ƙirƙiro gasar, Thierry Sabine. A 1977 ya ɓata a hamada bisa babur, ana cikin wani tsere da ya tashi daga Abijan, da ƙyar aka tsinto shi da rai. Ba a rufa shekara biyu ba ya mai da ɓatan nan sana'a: a ƙarshen 1978 ya tara mutane a birnin Paris, kowa ya biya kuɗinsa don a kai shi inda shi ma zai ɓata. Na ce lallai akwai arziki a ɓata, in mutum ya iya ta.

Na girma ina nazarin wannan sana'a kamar yadda abokaina ke nazarin ƴan kokowa, su da za su lissafa maka duk wanda ya ci takobi tun daga Kantu na Maraɗi a 1975, a nan Tawa. Na gane murhu ce mai duwatsu uku. Da fari ka tafi inda ake shan wahala ka sha taka da gangan. Sannan ka ba da labari a rediyo ko talbijin. Daga nan sai ka sa riga mai kyau ka riƙa bin zaure-zaure kana jawabi, ana tafa maka, ana miƙo maka ambulan a bakin ƙofa. Ga Michael Palin, ɗan wasan barkwanci na Ingila: ya zo har Ingal wajen taron makiyaya na ƙarshen damina, ya bi ayarin raƙuma na ƴan kwanaki, BBC ta nuna shirinsa na Sahara a 2002, bayan shekara bakwai sai ga shi shugaban babbar ƙungiyar masana labarin ƙasa ta ƙasarsu. Ga Newton Jibunoh na Najeriya, wanda ya keta Sahara da mota har sau uku, ya koma yana yi wa gwamnatoci jawabi a kan gurgusowar hamada. Ga kuma namu, Mano Dayak, Ba'abzine, wanda shi ba kallo ya zo ba, a ciki aka haife shi: ya kafa kamfanin yawon buɗe ido a Agadas, ya yi aiki da Sabine ɗin nan, ya rubuta littafi, ya yi magana da yawun mutanensa a talbijin na Faransa, har Allah ya karɓi abinsa a haɗarin jirgin sama a Disamban 1995. Yau sunansa ne a filin jirgin Agadas. In an koma baya ma akwai Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi matafiyin nan Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, har Ingila a 1855, ya zauna ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa aka rubuta. Na duba duk waɗannan na ce, to, ƙasarmu Adar fa? Adar ba ta da nata? Na duba madubi, na ga ta samu.

Cikin duwatsun nan uku ina da ɗaya, ko in ce rabin ɗaya. Ina aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a gari, ni ne mai karanta sanarwa. Ɗaurin aure, zanen suna, ta'aziyya, gaisuwar ƴan biɗa daga Abijan da Kumasi da Kamaru zuwa ga iyayensu, da cigiya. Cigiya ce ma fannin da na fi ƙwarewa. In akuyarka ta ɓata ka kawo mini, zan siffanta ta har mai ita ya ji kamar bai san darajarta ba sai yau: ja mai farin goshi, kunnen hagu a tsage, tana ɗan ɗingishi, wanda Allah ya sa ya gani ya taimaka. Shekara shida ina wannan.

Kuskurena ɗaya ne, ban bi duwatsun a jere ba. Daga na ƙarshe na faro. Wani abokina mushe ne a wata makaranta a gari, ya ce ƙungiyar ɗalibansu na neman wanda zai yi musu jawabi a kan jarunta da sanin ƙasa. Na ce an samu, a sa rana. Aka sa mako uku. Na tafi wajen mai kwamfuta ya buga mini kati ɗari, an rubuta sunana, a ƙasa kuma: ɗan kasada, ma'aikacin rediyo, mai jawabi. Sannan na shiga ɗakin watsa shiri, tsakanin sanarwar wani suna da cigiyar wani jaki, na shaida wa jama'ar Adar cewa zan tashi daga Tawa zuwa Agadas bisa raƙumi, kilomita 400 da ɗoriya, kuma kowace yamma za su ji ni kai tsaye daga daji. Har na ƙara da tarihi, domin na karanta shafi biyu na littafin Djibo Hamani: na ce a ƙarshen ƙarni na 17 Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya gangaro ya ci ƙasar Adar, yau fiye da shekara ɗari uku ba wanda ya mai da masa ziyara, ni zan mayar. Sai da na fito na tuna saura abu ɗaya, tafiyar. Na ɗora tukunya, na kira baƙi, rijiya ce ban haƙa ba.

Inna ta ji a rediyo kamar kowa. Da na je gaishe ta ba ta amsa ba.

"Kai wanga, mi kaka biɗa Agadas?"

Na ce tarihi, Inna.

"Tarihin nan, ana cinai?"

Na ce ba a ci.

"Motocin duniya sun ƙare?"

Kawuna yana gefe bisa tabarma yana jan tasbaha. Shi ya je Sabha ta Libiya sau biyu a ƙuruciyarsa, bisa kan kaya a bayan babbar mota, kuma ban taɓa jin ya ba da labarin ba sai in an matsa masa. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko na taɓa hawan raƙumi. Na ce na sha ganin ana hawa. Ya yi shiru, ya ja ƙwaya uku, ya ce, "To, ka tahi da man shanu." Na yi godiya, ina tsammanin na zubawa a tuwo yake nufi.

Ranar Lahadi na shiga kasuwar dabbobi da tabarau a fuska. Dillali ya haɗa ni da wani Buzu daga wajen Abalak, mai wani amale fari, dogo, da ya dube ni daga sama yana tuƙa kamar alƙalin da ya riga ya yanke hukunci. Muka daidaita a kan jika biyar kowane kwana, kuma ɗansa zai raka ni, yaron da bai wuce shekara goma sha biyu ba. Na ce ban so a ba ni yaro, tafiya ce ta manya. Buzun ya ce ba don ni zai tura shi ba, don raƙumin ne. Na raɗa wa amalen suna Guguwa. Na sayi rawanin nan, na sayi takobi, na sayi gwangwanin kifi ashirin, da cuku, da dabino, da sukari da ganyen shayi, da jarka biyu. Man shanun na manta.

Duk wanda bai taɓa hawan raƙumi ba, bari in gaya masa abin da Palin bai gaya mini ba. Raƙumi ba ya tashi gaba ɗaya, hawa-hawa yake tashi. Kana zama sai ya zabura bisa gwiwoyin gaba, ya watsa ka baya. Kafin ka gama salati ya miƙe ƙafafun baya, ya watso ka gaba. A gaban sirdin Buzaye kuwa akwai wani itace mai yatsu uku da ake yi wa ado da jar fata, wanda masu ɗaukar hoto ke so ƙwarai. Da shi ƙirjina ya fara gaisawa. Sannan ya miƙe gaba, ka sake komawa baya, ka tarar kana sama da katangar mutane kana ganin abin da matan unguwa ke dakawa. Ƴan fadarmu da suka rako ni bakin gari suka yi tafi. Ɗaya ya ce in ɗaga takobi a ɗauki hoto. Na saki sirdi na kai hannu ga takobi, Guguwa ya ɗan juya wuya, na yar da takobin na rungume itacen da hannu biyu. Hoton da ke yawo ke nan har yau.

Ba a sa ƙafa a likkafa, babu ita. Takalmi ake cirewa a ɗora tafin ƙafa bisa wuyan dabbar, da yatsu ake yi mata magana. Yatsuna ba su iya yarenta ba, don haka yaron ya karɓi akala ya shige gaba a ƙasa, ni ina sama kamar buhun gero. Na ce mu yanki daji. Ya ce rijiyoyi da mutane suna bakin hanya. Haka muka bi gefen kwaltar Agadas, wadda aka shimfiɗa saboda yuraniyom ɗin Arlit, kowace mota ta wuce sai ta yi mana oda. Fasinjoji na leƙowa suna kiran sunana. Wata tsohuwa ta tsai da direba ta ba ni saƙon cigiyar tunkiyarta, ta ce in na koma in karanta.

Ƙasar tana da kyau, ban hana ta ba. Tuddai masu baƙin dutse, fako ja wur, can ƙasa kwari da ɗan kore. A jikin wasu tuddan ana ganin layukan duwatsu da ramukan rabin wata na tare ruwan sama, irin aikin da ya bazu a Adar tun aikin Keita da aka fara a 1984 bayan babban fari, wanda mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsunsa a ka. Na yi niyyar in faɗi wannan a rediyo. Amma kafin azahar tunanina duka ya gangara ya taru wuri ɗaya, wurin da nake zaune a kai. Tafiyar raƙumi niƙa ce. Yana jefa ƙafafun dama tare, na hagu tare, kai kuma kana tsakiya kamar tsaba a kan dutsen niƙa. Da la'asar na gane abin da kawu ke nufi da man shanu, na kuma gane dalilin da ya ja ƙwaya uku kafin ya faɗa.

Muka kwana a wani kwari. Yaron ya gurfanar da raƙumi, ya sauke kaya, ya yi masa dabaibayi, ya hura wuta, ya kwaɓa gari ya binne a cikin toka da rairayi mai zafi, ya fito da gurasa, ya dafa shayi zagaye uku, duk ina kwance rub da ciki ina ba da umarni. Na shimfiɗa bargo a kan ƙarangiya ban sani ba. Ɗarin hunturu ya sauko. Cikin dare na ji wani kuka na tashi na laluba takobi na ce kura. Yaron bai ko buɗe ido ba ya ce jakin garin can ne. Ashe akwai gari bayan tudun, da masallaci da mai shayi da mai cajin waya.

Yammacin kwana na biyu muka iso Tabalak. Kilomita hamsin ke nan daga Tawa, abin da mota ke yi cikin awa guda. Ga wanda bai san wurin ba, Tabalak tabki ne, babba, mai tsawo, kwance a gefen hanya, da garake na albasa da tumatir a bakinsa, da masunta, da tsuntsayen ruwa. Duk motar da ta fito Agadas ko ta nufi can sai ta tsaya an sayi soyayyen kifi. Babu wani ɗan Adar da bai san haka ba. Amma lokacin shirina ya yi, jiya ban yi magana ba saboda babu rezo, kuma a nan ne waya ta kama sosai. Na lallaɓa bayan wata rumfa, na juya wa tabkin baya, na ja rawani na rufe baki don murya ta yi kamar ta wanda ya sha wuya, na kira sutudiyo. Abokin aikina ya ce, masu saurare, ga madugu.

Na fara. Na ce ina magana da ku daga inda ƙasa ta ƙare, rairayi ya fara. Na ce duk inda ido ya kai ba ka ganin komai sai sama da yashi. Na ce rabonmu da ganin ɗan Adam tun jiya da hantsi, ruwan jarka ya kusa ƙarewa, muna kurɓa da murfi. Ina hura iska a gefen wayar a kai a kai don a ji guguwa. Wallahi ni kaina na fara tausayin kaina. Na kai wurin da nake cewa a wannan wuri ko tsuntsu ba ya gittawa, sai wata murya siririya, mai kaifi kamar ta mai kiran sallar yara, ta tashi daidai kafaɗata.

"Kihi! Kihi da zahi! Malam, na dala ashirin ko na hamsin?"

Yarinya ce da tire a ka. Na yi mata alama da hannu ta tafi. Ta ɗauka ciniki nake, ta matso, ta ƙara murya: "Yanzu anka kamo shi, Malam, duba tabkin nan bayanka!"

Layin ya yi tsit. Ina jin numfashin abokin aikina, ina jin yana kokowa da wani abu a maƙogwaronsa. Can ya ce, cikin muryar karanta ta'aziyya, "To, masu saurare, da alama bana an yi ruwa a Sahara." Ya sa kiɗa.

Na sayi kifin. Na hamsin. Me ya rage?

Kunya ce ta kore ni daga kwalta. Da asuba na ce wa yaron yau daji za mu yanka, arewa sak, ko ya so ko ya ƙi. A lokacin ana iya wannan wauta a dawo gida lafiya. Yau ko da wasa ba zan ba wani shawarar ba, tun abin da ya faru a ƙauyukan Tiliya a watan Maris na 2021, inda aka kashe mutum 137 a yini ɗaya. Yaron ya dube ni, ya dubi raƙumin, ya ja akala. Muka yi tafiyar awa uku cikin ƙaya da tumfafiya. Da rana ta take ya gurfanar da Guguwa a gindin wata aduwa, ya ɗauki jarka ya ce akwai rijiya bayan tudun can, in riƙe akala kada in saki.

Na riƙe. Sai iska ta taso, iskar gaske, mai kuka a cikin ƙaya, irin wadda na yi ta ƙoƙarin kwaikwaya da baki jiya. Na ce wannan ce za ta wanke ni. Na ɗora akalar bisa reshe, na ɗauki ƴar rakodata, na hau wani tudu don in kamo sautin da kyau. Na yi minti goma ina ɗauka, har da ɗan jawabi. Da na juyo, aduwa na nan, reshe na nan. Can nesa na hango wani farin abu yana tafiya da sauri irin wanda bai taɓa nuna mini ba cikin kwana uku. Sunan da na raɗa masa bai faɗi ƙasa banza ba. Bisa bayansa akwai ruwa, da abinci, da bargo, da takobi, da takalmana, da wayata.

Abin da hankali ya ce shi ne in zauna gindin aduwar in jira yaron. Ni kuwa na karanta littattafai. Na dubi rana, na dubi inuwata, na yanke cewa kwalta tana gabas, na kama hanya ba takalmi. Ƙasar Adar ba ta san tausayin tafin ƙafar ma'aikacin ofis ba. Na yage rawani na naɗe ƙafafu. Na wuce wata tumfafiya mai reshe karyayye, bayan awa guda na sake wuce wata mai kama da ita, bayan wata awar na tsaya na gaishe ta, don mun riga mun saba. Ƙishirwa ta zo, ba irin ta rediyo ba. Harshe ya yi kauri, miyau ya zama kamar ƙullu. Na tuna Sabine, na ce shi aƙalla jirgi ya zo nemansa. Na zauna na buɗe rakoda don in bar wa duniya kalmomin ƙarshe, batir ya mutu a kan kalma ta huɗu.

Gab da magariba na ji magana. Muryar namiji, a natse, tana tahowa daga bayan wani dutse. Na san muryar. Na ce shi ke nan, haka ake ji in an kusa. Sai ga jaki ya ɓullo da kayan itace, da ƙaramar rediyo rataye a wuyansa, da wata tsohuwa a baya riƙe da sanda. Abokin aikina ne ke magana, daga wuyan jaki.

"Ana cigiyar wani mutum, dogo, baƙi, mai ɗan tumbi. Ya ɓace yau da rana a dajin arewa da Tabalak. Yana sanye da shuɗin rawani da tabarau, ba takalmi, yana tafiya ƙafafu a buɗe. Ba ya cizo. Wanda Allah ya sa ya gani ya taimaka ya kai shi bakin kwalta."

Ashe yaron ya dawo bai tarar da kowa ba, ya bi sawu, ya kamo raƙuminsa cikin awa guda, ya lalubo wayata a jaka, ya hau tudu ya kira lambar ƙarshe. Tsohuwar ta tsaya. Ta dubi rediyo, ta dube ni daga rawani har ƙafa, ta sake duban rediyo.

"Ɗana, kai na?"

Na ce ni ne, Inna.

"Kai na mai kihi?"

Na ce ni ne.

Ta ba ni ruwa a gora, ta sauke rabin itacenta ta ɗora ni a kan jakin, a karkace, don ba na iya zama daidai. Ba mu yi tafiyar rabin awa ba na ji ƙarar mota. Yini guda ina kewaya wuri ɗaya, kwalta na nan kusa kamar daga gidanmu zuwa kasuwa, kuma tana kudu.

Na sallami yaron da kuɗin kwana uku da gwangwanin kifi goma sha tara. Motar da ta tsaya mini babba ce, daga Agadas, cike da mutanenmu masu dawowa daga Libiya. Suka jawo ni sama, suka matsa mini wuri tsakanin katifu da jarkoki naɗe da buhu. Samari ne, wasu ba su kai ni shekaru ba, ƴan wajen Keita da Buza da Illela da ƙauyukan Tawa. Fuskokinsu irin na nasarun da na gani a filin jirgi ina yaro, har sun fi, sai dai ba mai bin su da abin ɗaukar magana. Suna hira ƙasa-ƙasa, suna ambaton Sabha da Gatrun da Madama da Dirku kamar yadda nake ambaton unguwannin Tawa: inda mota ta lalace suka yi kwanaki, inda ruwa ya ƙare, inda aka tare su aka karɓe abin da aka karɓe. Ɗaya yana rungume da jakunkuna biyu. Na ce ya ajiye ɗaya mana ya huta. Ya ce wannan ba tasa ba ce, ta abokin tafiyarsa ce, zai kai wa uwarsa. Ban sake tambaya ba.

Can wani ya dubi rawanina da ƙafafuna da suka kumbura ya ce, "Malam, kai kuma daga ina? Aljeriya?"

Katin nan ɗari suna cikin aljihuna, ina jin kaifinsu a cinya. Na ce, "Tabalak."

Aka yi shiru. Mai jaka biyun ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini dabino uku.

A gida Inna ba ta ce komai ba, ta aiko da man shanu a ƙwarya. A wurin aiki aka cire jika ɗaya daga albashina, kuɗin cigiya, don doka ce kowa ya biya, kuma ni na rubuta dokar.

Ranar jawabi na so in ce ba ni da lafiya, mushe ya ce ai an riga an ara kujeru. Ban taɓa ganin zauren makarantar nan ya cika haka ba. Ɗalibai har bisa tagogi, da iyaye, da ƴan kabu-kabu da suka ajiye babura a waje. Na hau dandamali a hankali, don har lokacin da saura. Na gyara makirfo, na ce, "Jama'a, hamada makaranta ce." Daga can baya wani yaro ya siranta murya ya ce, "Kihi da zahi!" Zauren ya tashi. Shugaban makaranta yana buga tebur yana cewa a yi shiru, hawaye na zubo masa. Na jira. Na sake cewa hamada, aka sake cewa kihi. Sau uku.

Wanda ya cece ni mai gadin makarantar ne, wani tsoho da ke tsaye bakin ƙofa da sanda. Ya ɗaga murya ya ce a bar yaro ya huta, rana ta buge shi, shi ya san yadda take yi. Wani ɗalibi ya ce, Baba, kai ka sani? Ya ce ya ɗan sani. Aka ce ya hau ya faɗa. Ya ƙi, aka jawo shi. Bai iya riƙe makirfo ba, yana kai shi kunne, don haka ni na riƙe masa.

Ya yi awa guda da kwata. Ya fara daga shekarar da fari ya kashe musu dabbobi ya bar ƙauye da ƙafa zuwa Kwanni, ya bi ta Sakkwato, ya yi dako a Kumasi, ya sayar da garba a Abijan, abincin nan na rogo da kifi da aka ce daga sunan mutanenmu ya samo suna, ya koma arewa ya yi gini a Tamanrasat, aka kamo su aka zubar a bakin iyaka, ya sake komawa. Ba ya ƙawata komai. In ya zo wurin da ya ji tsoro sai ya ce, nan na ji tsoro. In ya zo wurin da aka mutu sai ya ambaci garin mamacin ya yi masa addu'a, zaure ya amsa. Ba wanda ya yi tari. Hannuna ya gaji, na canza, ya sake gajiya. Shekara goma sha ɗaya yana buɗe wa yaran nan ƙofa, ba wanda ya san ya taɓa wuce Tsarnawa. Da ya gama ya ce a yi masa afuwa, ya bar ƙofa ba kowa. Ambulan ɗin da aka tanada, ni aka miƙa wa, don sunana ne a rubuce. Jika biyu ne. Na kai masa bakin ƙofa, ya ɗauki ɗaya ya mayar mini da ɗaya, ya ce in sayi takalmi.

Katunan ba su yi asara ba, in gaya muku gaskiya. Tun daga ranar ake gayyata ta wajen biki da walima da taron ƙungiyoyi, a ba ni makirfo a ce in ba da labarin kifi, kuma ana biya. Na je da shi Maraɗi, na je da shi Yamai, a mota. Na sa mai kwamfuta ya soke kalma biyun farko da baƙin alƙalami. A gari kuwa ba mai kirana da sunan yanka, daga ƴan fada har jandarmomin bakin hanya, sai Madugun Tabalak.

Bara aiki ya kai ni Abalak, motar ta tsaya a Tabalak kamar kullum. Na sunkuyar da kai ina duban waya. Aka ƙwanƙwasa gilashi. Mace ce babba, da goyo a baya, da tire a ka, da wata ƴar yarinya riƙe da zanenta. Ta naɗe kifi biyu a takarda ta miƙo ta taga, na ce na ɗaya na ce. Ta ce ɗayan gyara ne, tun shekarar nan cinikinta bai faɗi ba. Sannan ta juya ga ɗiyarta ta nuna ni da haɓa ta ce, "Gaida Madugu. Shi na wanda yaz zo Sahara."